Kwana goma sha ɗaya ina ɓoye ƙafar mahaifiyata

A lokacin ina malamar firamare, ina zaune a unguwar Tumfure da ke gefen gari da mijina, kuma ni ce auta a ɗakinmu. Mahaifiyarmu, da muke kira Dada, ta daɗe da ciwon suga. Da ƙarfinta ya fara raguwa, babban yayanmu Hamma ya so ta koma gidansa a unguwar Federal Low-Cost, saboda ya fi kusa da asibiti. Ni kuwa na kafe. A gaban 'yan'uwa na ce babu mai kula da uwa kamar 'yarta mace. Hamma bai ja da ni ba. Abin da ya ce kawai shi ne duk abin da na gani a jikinta, komai ƙanƙantarsa, in kira shi. Haka Dada ta dawo gidana.

Wata Asabar da damina, Dada ta ce ƙafafunta sun yi sanyi, kamar ba nata ba. Na dafa ruwa na zuba a roba, na sirka, ta tsoma ƙafa. Ta ce ba ta ji ɗumi ba, in ƙara. Na ƙara daga buta ba tare da na taɓa da hannuna ba, na koma kicin. Da na dawo na ɗaga ƙafarta ta hagu, sai na ga fatar yatsun ta yi jajir ta tashi. Ita kuwa hira take yi mini, ko a jikinta. Ban san cewa suga yana kashe jin ƙafa ba, har mutum ya ƙone bai sani ba.

Wayata tana hannuna, amma na kasa kiran Hamma. Maganar da na yi a gaban mutane ce ta dinga dawo mini. Dada ta lura da yadda nake kallon wayar, ta ce in kwantar da hankalina, ƙuna ce kawai, kada in tayar wa yayana hankali. Na riƙe wannan magana tata kamar izini. Na shafa zuma, washegari man shanu. Da wurin ya fara yin duhu sai na ƙunsa mata lalle, don ko wani ya gani ya ɗauka lallen ne. Mijina ma ban gaya masa ba.

Kullum da safe kafin in tafi makaranta nakan cire safar da na sa mata in duba. Kullum kuma abin gaba yake yi. A aji ina rubutu a allo, tunanina yana kan yatsun nan. A kwana na bakwai wari ya fara. Ranar Juma'a da Hamma ya biyo bayan an sauko daga masallaci, na cika ɗakin da turaren wuta, na lulluɓe mata ƙafa da bargo. Ya zauna dab da ita yana tambayar jiki, ni ina tsaye a bakin ƙofa. Da zai tafi har ya yi mini godiya, ya ce Dada ta yi haske.

A kwana na goma sha ɗaya na dawo daga aiki da azahar, na tarar da ita tana rawar sanyi, jikinta zafi rau. Ta dube ni ta kira ni da sunan ƙanwarta da ta rasu tun ina yarinya. Na cire safar. Yatsu biyu sun yi baƙi ƙirin, kumburin ya hau har idon sawu. Da taimakon maƙwabciyata muka sa ta a keke mai ƙafa uku. Ban taɓa sanin Tumfure tana da nisa da gari ba sai ranar. Kanta yana kan cinyata, ina ta kiran sunanta, wani lokacin ta amsa, wani lokacin shiru.

A asibiti likita ya tambaye ni kwana nawa da ciwon. Na ce uku. Ya dube ni, ya ce idan ina son mahaifiyata ta rayu in faɗa masa gaskiya, domin ƙafar ba ta kwana uku ba ce. Daidai lokacin Hamma ya shigo da gudu, hularsa a hannu. A gabansa na faɗi komai, tun daga ruwan zafi har lallen da turaren. Likita ya ce ciwon ya fara shiga jini, sai an cire yatsun, kuma ba zai yi alkawarin ƙafar za ta tsira ba. Hamma ne ya sa hannu a takarda. Na jira ya yi mini faɗa, bai yi ba. Tambaya ɗaya ya yi mini, wai ranar Juma'ar da ya zauna kusa da ita, ƙafar tana haka? Na ce e. Sai ya juya fuskarsa ga bango ya yi kuka.

Allah Ya sa ƙafar ta tsira, yatsu biyu suka tafi. Da Dada ta dawo hayyacinta, abin da ta fara gaya wa Hamma shi ne ita ce ta zuba ruwan da kanta, kada kowa ya ga laifina. Wannan ya fi kowane zagi yi mini ciwo. Yanzu da sanda take tafiya, salla kuma a zaune.

Ƙunar kuskure ce, likita ma ya ce da mun zo a ranar da wankin ciwo da magani sun isa. Ɓoyewar ce laifina, kuma ba don Dada na ɓoye ba, don kaina ne. Ina roƙon duk mai jinyar tsoho, musamman mai ciwon suga, ya riƙa duba ƙafarsa kullum, ya gwada ruwa da hannunsa, kada ya dogara da cewar tsohon ba ya jin zafi. Idan kuma ka yi kuskure, ka faɗa a ranar. Faɗan da na guje wa na yini ɗaya ne, Dada kuwa da ragowar ƙafar nan za ta ƙarasa rayuwarta.