Ranar da Gwaggo Ta Kashe Dutsen Guga

Shekara ashirin da takwas, kullum bakwai saura kwata sai an ji ƙarar makullanta a matakalar da ke sauka ɗakin wanki, can ƙasan otal. Ta rataye jaka a ƙusa, ta kunna injina, ta taɓa zannuwan gado da bayan hannu ta ji ko sun bushe. Kowa Gwaggo yake ce mata, har waɗanda suka girme ta. In mai dafa abinci ya kawo riga sharkaf da maiƙo, sai ta ɗaga ta sama ta ce, "Ɗana, girki ka yi ko wanka?"

A wancan lokacin masu farar fata ne a sama, wurin karɓar baƙi, cikin kwat da sanyin fanka. Baƙaƙe kuwa suna ƙasa cikin tururi. Ba wanda ya rubuta wannan doka, ba kuma wanda ya taɓa karya ta. Gwaggo ma ta daɗe tana haɗiye abin, har ranar da aka turo mata wata budurwa baƙa, idonta jajir, da takardar shaidar karatunta a hannu.

"'Yata, me ya kawo ki nan?"

"Aikin karɓar baƙi na nema, Gwaggo. Manaja ya ce fuskata ba irin wadda baƙi ke son gani ba ce."

Gwaggo ta kashe dutsen guga. Ta kama hannun yarinyar, suka bi ta babban zauren da aka hana masu wanki ratsawa, har ofishin manaja.

"Ranka ya daɗe, harshe uku yarinyar nan take ji. Me fuskarta ta rasa? Ido biyu ne da hanci ɗaya, irin naka."

"Gwaggo, koma bakin aikinki tun kina da shi."

Marayu huɗu take riƙo a lokacin, ta kuma san me maganar take nufi. Aka dakatar da ita mako biyu. Ba ta zauna a gida ba. Ta bi masu shara da masu girki da masu gadi ɗaya bayan ɗaya, kowa ya faɗi sau nawa aka tsallake shi saboda launinsa, yarinyar tana rubutawa. Wasu suka rufe mata ƙofa don tsoro. Mutum arba'in da ɗaya suka sa hannu, aka aika wa masu otal takardar. Bayan wata biyar suka aiko masu bincike, aka sauya manaja, yarinyar ta hau sama. Yau ita ce shugabar sashen karɓar baƙi. Gwaggo kuwa ba a taɓa ƙara mata matsayi ba, ba ta kuma nema ba.

Gwaggo, ke ce uwar waɗanda aka tura ƙasa. Ke kika fara faɗin abin da kowa ke gani yana kawar da kai. Makon jiya kin ajiye aiki, gwiwoyi sun gaji, har yanzu kuma in riga ta yage sai mutum ya kama hanyar wajenki kafin ya tuna ba kya nan.

Mun gode, Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki hutu mai daɗi. Mu da muka rage, in aka wulaƙanta abokin aiki a gabanmu saboda fatarsa, mu ajiye abin da ke hannunmu mu raka shi ofis. Kada mu jira wata Gwaggo.