Zoben Inna Mai Tumbi

Yayar mahaifiyata, wadda kowa ke kira Inna Mai Tumbi, a bayan mahauta ta ƙare ƙuruciyarta tana wankin kayan ciki. Ana ganin mutum ne kafin a ji shi, amma ita warinta ke riga ta sallama. Ga baki kamar reza.

Cikin saniya kuwa ta san shi fiye da ɗakinta. Takan baje shi a baho ta yi mana karatu: ga babban tumbi inda ciyawa ke jiƙa kafin a dawo da ita baki a yi tuƙa, ga ƙaramin aljihu mai kama da saƙar zuma, ga mai shafi-shafi da ke matse ruwa, sai na ƙarshe da ke narkar da abinci.

"Saniya haɗiya take fara yi, tunani sai daga baya," in ji ta. "Ƙusa, waya, makulli, duk a saƙar zuman nan suke kwanciya."

Duk da wannan sani, ranar da zoben azurfar da kakarmu ta bar mata ya ɓata, ba ta ko kalli saniyarta ba. Ta cire shi ne za ta dama wa saniyar dusa, ta ɗora a bakin kwamin da saniyar ke ci, sai Mama ta shigo gaisuwa. Da aka nemi zobe aka rasa, Inna ta yanke hukunci: ƙanwarta ce ta ɗauka. Mama ta rantse har ta yi kuka. Shekaru suka shuɗe ba gaisuwa, mu ma aka hana mu zuwa gidanta, abin da ya yi mini ciwo ƙwarai.

Da saniyar ta tsufa aka sayar wa mahauta, kayan cikinta suka faɗo bahon Inna. Ta juye saƙar zuman, sai ga ƙusoshi, ga marfin kwalba, ga zobe ya yi baƙi ƙirin.

Abokiyar aikinta ta rantse mini cewa Inna ta daɗe tana kallon zoben tana kallon kwatar da ruwan wanki ke bi. Har ta ɗaga hannu za ta jefa, sai ta fasa.

Haka ta iso gidanmu da zanen aiki, ƙudaje na yi mata rakiya. Ta kama hannun Mama ta danƙa mata zoben.

Mama ta toshe hanci. "Yaya, ko ɗauraye shi ba ki yi ba?"

"Na bar shi ne ki ji warin ɓarauniyar da kanki."

"To, ina take?"

"An yanka ta."

Mama ta yi dariya har hawaye, daga nan kukan ya zama na gaske. Inna ta zauna a ƙasa, ta riƙe ƙafar Mama ta ce, "Ƙanwata, na cuce ki."

Mama ta ce in kawo ruwa da sabulu, sannan in ɗora tukunya, Yaya za ta kwana.