Ni Ba Guga Ba Ne

Ba wanda ke kiran mai haƙa rijiyar nan da sunansa na yanka. Ba-Guga ake ce masa, kuma shi ya jawo wa kansa. Tun yana saurayi, in ya gama aiki a ƙasan rijiya aka zura masa igiya, sai ya ture ta, wai shi ba guga ba ne da za a ja shi. Da 'yan ramukan da ya sassara a jikin bango yake hawowa, ya fito yana karkaɗe wando.

Haka yake a coci ma. Shi ke buɗe ƙofa, shi ke goge bencina, ko zazzaɓi ba ya hana shi sujada. In fasto ya ce ceto alherin Allah ne, ba gumin mutum ba, sai ya gyaɗa kai, amma a hanyar gida ya gaya wa matarsa cewa don ragwaye ake irin wannan wa'azi, irin ƙaninta tela, wanda sai an kusa tashi yake shigowa yana warin giya. Ba-Guga mutumin kirki ne fa, amma kai, akwai ji da kai!

Wata rana da hantsi, bayan ruwan sama, ya shiga yashe wata tsohuwar rijiya a bayan shagon telan. Yana cikin aiki ya ji ƙasa na zubo masa a ƙeya. Kafin ya ɗaga kai, gefe guda ya zabtaro ya binne shi har gwiwa. Da ƙyar ya zare ƙafafunsa. Ya kai hannu ga ramin farko, ya marmashe. Ya kama na biyu, shi ma haka. Ga ruwa na tasowa, mai sanyi, ya kai masa ƙugu.

Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa sani ba. Ya soma tuna wa Allah buɗe ƙofa da goge bencina, sai ya ji maganar ba ta da nauyi ko a kunnensa. In ya mutu yanzu, da me zai tsaya?

Sai ga igiya, ga kuma kan tela a bakin rijiyar.

"Yaya, ɗaura a ƙirjinka. Kada ka taɓa bangon, zai rufto."

Ya ɗaura. Da tela da maƙwabta suka fara ja, sai halin nasa ya motsa, ya sa ƙafa a bango don ya taimaka. Ƙasa ta zubo masa a fuska har ya daina gani.

"Yaya, don Allah saki jikinka!"

Ya saki. Yana reto a tsakiyar rijiya, yana juyi, hannuwa sake, yana kuka kamar yaro: "Yesu, ba ni da komai. Ka riƙe ni."

Da ya iso sama ya ga tafin hannun tela duk ya saɓule, jini na bin igiyar. Ya kasa haɗa ido da shi.

Har yau ba ya shiga rijiya sai da igiya a ƙirji. In an tambaye shi yadda ya fito ranar nan, sai ya girgiza kai.

"Ban fito ba," yakan ce. "Fito da ni aka yi."