Malama Tambaya da ranar zazzaɓi

Da an sallame asuba Malama Tambaya take ɗaukar akwatin ƙanƙara mai ɗauke da allurar rigakafi, ta bi bakin kanal ɗin ruwan noman rani da ƙafa, daga ƙaramin asibitin garinmu har rugagen da ke hanyar Bunkure. Shekara talatin da ɗaya ke nan. Gwiwoyinta sun kumbura, ta daina zama a tabarma sai a kan turmi. A ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki.

Masu allura da yawa sun zo sun tafi. Abin da ya bambanta ta shi ne komawa. Duk gidan da ta yi wa jariri allura yau, gobe za ta sake sallama, domin ta san goben ce ranar da jikin yaro kan yi zafi, ranar da gida ke yanke hukuncin ba za a ƙara ba. Ba wanda ya sa ta wannan. An zage ta, an taɓa watsa mata ruwan wanke-wanke. Washegari ta koma.

Ni shaida ce. 'Yata Raliya tana da sati shida aka yi mata ta farko, jikinta ya yi zafi, cinyarta ta kumbura. Surukina Malam Dattijo, manomin tumatir, ya ce an gama, ba mai sake soka wa jikarsa ciwo. Na karanta kimiyyar halittu a kwaleji, ba na kuwa jin kunyar faɗin abin da na sani. Daga bayan labule na yi masa bayanin fararen ƙwayoyin jini. Ya ce da mijina, "Faɗa wa matarka ta ajiye bokonta a ƙofar gida." Saura allura biyu, ga ta ƙyanda a wata tara.

Da hantsi sai ga Malama Tambaya tana ɗingishi. Ta sami surukina a zaure.

"Kin zo ganin ɓarnarki?" in ji shi.

"Na zo. A ba ni turmi, ƙafar ta ƙi." Ta zauna ta huta. "Malam Dattijo, shekarar da tsutsar nan da ake kira sharon ta fara shiga tumatirinka, ka gane ta?"

"Ina fa. Sai da ta ƙone gonar kaf."

"Yanzu fa?"

"Daga ganye ɗaya nake ganewa."

"To jiki ma haka yake. Yana da masu tsaro a cikin jini, amma ba sa gane baƙuwar cuta da wuri. Abin da na sa mata cutar ce da aka riga aka kashe, don su ga kamanninta. Zafin nan da kake ji, su ne suka taso suna dubawa. In ta gaske ta zo, ba sai ta ƙone gonar ba."

Ya ce, "To me ya sa har sau uku?"

"Kai sau ɗaya aka karanta maka Fatiha ka haddace?"

Bai yi dariya ba. Ta shigo ta shafe yarinyar da tsumma mai ɗan sanyi, ta ce in yawaita ba ta nono. Bayan sati huɗu ta dawo, ya kawar da kai ta wuce ciki. Haka har aka kammala.

Malama, ke ce kika koya mini cewa sani bai isa ba sai an kai shi inda ake ƙinsa. Ke ce mai komawa gidan da aka kore ta. Ba ko'ina kika yi nasara ba, ke ma kin sani. Bara da ƙyanda ta shigo unguwarmu, an binne yara biyu daga gidajen da suka rufe miki ƙofa, kika je gaisuwa ba ki ce wa kowa "na faɗa" ba.

Na gode, Malama. Allah ya ba ƙafafunki sauƙi, ya saka miki da abin da mu ba mu iya ba. Ku kuma da za ku karɓi akwatin nan, soka allura ba wuya, ku riƙa komawa washegari.

Ƙyandar nan ta bara ta kwantar da yara har a gidan da muke haɗa katanga. Raliya ko tari ba ta yi ba. Ran nan na ji kakanta a zaure yana tambayar maƙwabcinmu ko an kai sabon jaririnsu wurin Tambaya.