Jinin Bijimi a Mayankar Mayahi

Bana da fari ya ƙone gonaki, ga wani dattijo tsugune a mayankar Mayahi, gaban bijiminsa da aka yanka cikin gaggawa. Hularsa ta yi masa yawa, ko kuwa kan ne ya rame. Ina jin bijimin nan ne na ƙarshe a turkensa. Jinin yana malala, launinsa ruwan ƙasa, sai ka ce kafen da sojoji ke sha.

Likitan dabbobi ya ce, "Baba, dawar da ta tsumbure ya ci. Gubarta kan kama ƙarfen cikin jini, ya kasa ɗaukar iska."

Mahauta suna ja da baya, ba mai taya naman. Dattijon ya tsoma yatsa cikin jinin.

"Da hannuna na kai shi gonar," in ji shi, "kar yunwa ta kashe shi."