Makwanci na Sayarwa

Wani ma'aikacin ruwa ne daga Yamai ya ba ni abin. Na yi masa jagora kwana tara a ƙasa, arewa da Belbeji, yana auna zurfin rijiyoyi, ni ina kora jakin da ke ɗauke da kayansa. Abin kamar bargo ne da aka ɗinke ya zama buhu, mai faɗi wajen kafaɗa, tsukakke wajen ƙafa, da zif a gefe. An cika shi da lallausan gashin agwagwa. In an naɗe shi bai fi tulun yara ba, kuma ba shi da nauyi. Sau huɗu mutumin ya kwana ciki, a gabana. Ranar rabuwa ya miƙo mini, ya ce sanyin garinsu bai kai a shiga wannan ba.

Shekara biyu yana rataye a ɗakina. Ni da bargona na saba.

A lokacin na shiga karatun manya, wanda ake yi bayan la'asar a lakwal, makarantar bokon ƙauyenmu. Idona ya fara gaza ganin baƙaƙe, malaminmu ya ce in nemi tabarau. Sai na tuna da abin da ke rataye. Na kuma yi sha'awar in rubuta tallarsa da hannuna, yadda na ga ana yi a Tanout. Matsalar ita ce ban san sunansa da Hausa ba. Buhu ba buhu ba, bargo ba bargo ba. Na yi tunani, na ce ai wurin kwanciya ne. Na ɗauki kwali da gawayi, na yini ina jan layi: MAKWANCI NA SAYARWA. AN SHIGA SAU HUƊU. Hankalina duk yana kan ƙugiyar ɗ, kada in manta ta. Ban saurari abin da kalmar take faɗa ba, ni da nake jin ana roƙon Allah ya haskaka makwanci a bakin kowane kabari.

Ga kuma abin da ya sa kuskuren ya yi mini nauyi. Shekara goma sha wani abu ni ake kira a ƙauyenmu in namiji ya rasu. Ni nake wanka, ni nake sa likkafani. Ana barina ni kaɗai a ɗaki da mamaci da duk abin da ya bari. Ba a biyana. Amana ce kawai, kuma ban da ita ba ni da wani abu da ake girmama ni da shi.

Ranar kasuwar Belbeji na shimfiɗa abin a kan tabarma, na jingina kwalin. Kusa da ni akwai mai sayar da barguna, mutumin ƙauyen da ke maƙwabtaka da mu. Mun taɓa shari'ar iyakar gona a gaban mai gari, aka ba ni gaskiya, bai manta ba. Ya iya karatu sarai. Ya leƙo, ya karanta da ƙarfi, a hankali, don na nesa su ji.

"Makwanci na sayarwa," ya ce. "Malam mai wankan gawa, yanzu har kabari kake kawowa kasuwa?"

Na ce, "Alhaji, abin barci ne."

"Ai kowa barci ya ce zai yi. An shiga sau huɗu. Su wa da wa? Ka faɗi sunayensu, ko da danginsu a nan."

Mutane suka fara taruwa. Wani mahauci ya ɗaga shi da bakin sanda, bai yarda ya taɓa da hannu ba. Ya ce, "Ku dubi ɗinkin. Kan mutum nan, ƙafa nan. Wannan likkafanin Nasara ne."

"Na hanyar Libiya ne," in ji mai barguna. "Masu mutuwa a sahara ai ba sa hana a kwashi kayansu. Ɗan makaranta, da gemunka, abin da ake koya muku ke nan?"

Wata tsohuwa mai daddawa ta janye tallarta daga kusa da ni, ta tofar da yawu. Wani ya ce a kira jandarma. Wani da na taɓa wanke mahaifinsa ya tsaya yana kallona.

Na ba su labarin ma'aikacin ruwa. Mai barguna ya ce, "Kawo shi." Ya san ba zan iya ba.

Lokacin bazara ne, rana tsaka. Na cire takalmi da hula, na buɗe zif, na shiga, na ja har wuya. Na ce, "Ga na biyar, da ransa." Wasu suka yi dariya, amma ba irin wadda ke wanke mutum ba. Na kwanta ina kallon ƙafafunsu, gumi yana shiga mini ido, har rigata ta jiƙe sharkaf. Mai barguna ya sunkuyo ya ce, "Ka saba da su, shi ya sa ba ka tsoro."

Wani Buzu mai raƙuma ne ya raba taron. Ya durƙusa, ya murza gefen abin da yatsu, ya sansana, ya duba ɗinkin. Ya ce ya san irinsa, ya ga matafiya da shi a duwatsun arewa, inda ruwa ke daskarewa a salka. Ya ce in fito in daina ɓata masa kaya da gumi. Bai taya da wulaƙanci ba, ban kuma ja ba. Ya naɗe ya tafi. Kwalin ya bar mini.

Na sayi tabarau a Tanout. Amma labari ya riga ni isa gida.

Bayan sati uku wani dattijo ya rasu a unguwarmu. Na zauna a ƙofar gida ina jira, ban sani ba ko za a aiko. Aka aiko, a makare. Da na isa, babban ɗansa ya ce, "Baba, dakata tukuna." Ya shiga ɗakin, ya fito da bargon tsohon, da rediyonsa, da zoben azurfa da ya zare daga yatsansa, ya wuce da su ta gabana bai dube ni ba. Sannan ya ce in shiga, ya kuma bar ƙofar a buɗe.

Na cire tabarau na sa a aljihu, na naɗe hannun riga, na ce a kawo ruwa.