Kifin Gidan Ƙaiƙayi

Kwanan nan na kasa zama wuri ɗaya. In ɗaure kwali, in kwance, in leƙa taga, in manta abin da na tashi nema. Gidanmu na unguwar Jarwal, inda aka haife ni, za a rushe shi. 'Yata Maryam ta samo mana shagga, wato sashe a gidan bene, a unguwar Ka'akiyya, cikin mutanen da ban san ko ɗaya ba. Ni da ko bakin titi ba na zuwa sai dole!

"Halas ya Ummi, gida ai gida ne," in ji ta. Yaro man kaza.

A saman rufin gidan nan kakarmu Iya take tara mu bayan magariba, ga butar shayi a kan gawayi, tana fifita da murfin kwali. Ta Sudan suka biyo da ayarin mahajjata tana budurwa, suka daɗe a bakin teku suna jiran jirgin ruwa. A can ta ga kifin da ta mayar mana tatsuniya.

"Ga ta nan jiƙe daga teku," haka take buɗewa.

"Ta zo mu shanya ta, Iya!"

Wai akwai wani ɗan kifi a cikin duwatsun murjani, bai fi yatsa ba, ruwan ɗorawa, da farar ɗamara biyu. Kowa na neman haɗiye shi. Sai ya ga wata halitta kamar fure mai yatsu da yawa, wadda ke harbin duk kifin da ya taɓa ta. Iya ta sa mata suna Gidan Ƙaiƙayi. Ɗan kifi ya ce a nan zai zauna. Ya goga wutsiya, aka harbe shi, ya gudu. Ya dawo ya goga ciki. Haka ya yi ta yi har jikinsa ya ɗauki yauƙin gidan, gidan ya daina ganinsa baƙo. Daga nan ba ya nisa. Yana korar masu cizgar yatsun gidan, gidan na kare shi. In matarsa ta sa ƙwai a gindin dutse, shi ne mai gadi, yana fifita su da fiffikensa.

Wurin nan nake so. Sai in ce, "Iya, tsaya nan."

"Ke, ƙawata, sarkin zaman ɗaka! Tatsuniya ba ta tsayawa inda ta yi miki daɗi."

Sai ta ci gaba. Ƙwai na fashewa, ruwa ya kwashe 'ya'yan, ƙanana kamar ƙwayar gero, ya yi nisa da su. Babu mai zama gidan ubansa. Wanda ya tsira sai ya nemi nasa Gidan Ƙaiƙayin, ya sha nasa harbin. Ni kuwa in toshe kunne, yayana Sani na yi mini dariya. Iya ta rufe: "Ƙurunƙus, kifi ya koma ruwa."

Na girma ina ɗauka labarina ne, na mai son gida. Sai da ina naɗe tabarmar Iya na tuna ashe ita ruwa ya kawo. Ta sauka garin nan ba Larabci, ba dangi, ana kiran ta da sunan da ba ta so. Sau nawa ta goga jiki kafin Jarwal ta zama gidan da nake kuka a kansa?

Ran Litinin na ce Maryam ta kai ni sabon gidan. Na yi wa maƙwabciya sallama, ta amsa ta bayan ƙofa, ba ta buɗe ba. Raina ya sosu, na ce mu tafi. Da muka koma, na soya masar shinkafa na kai mata. Hannu kawai ta miƙo ta karɓa.

Jiya muna shigar da kaya aka ƙwanƙwasa. Farantina ne, cike da dabino, ga matar tsaye tana tambaya da Larabci yadda ake yin abin nan mai laushi.

Har yanzu ban iya barci sosai ba, kuma kwalayen ba su ƙare ba. Amma na jiƙa shinkafa. Gobe za ta shigo ta gani da idonta.